Na yi wa matar ɗakin folda tsawa, bayan mako shida na koma tagarta

Ranar wata Talata ce cikin damina. Na yi sallar asuba a masallacin unguwarmu a Nima, na hau trotro tun gari bai gama wayewa ba, kafin ƙarfe shida ina zaune a kan bencin asibiti. Ni ne na goma sha ɗaya a layi. Na miƙa katina ta taga ta biyu, inda ake fiddo folda, na koma na zauna. Takwas ta yi, tara ta yi, waɗanda suka zo bayana ana ta kiran su suna shiga wajen likita. Ni kuwa tun daren jiya ƙashin cinyata ta dama ke sara, irin saran da duk mai sikila ya san ma'anarsa: in ba a tare shi da wuri ba, sai dai ka kwana a gadon asibiti.

Wajen ƙarfe goma haƙurina ya ƙare. Na tashi na je na bugi katakon tagar da tafin hannu. Matar da ke zaune a wurin dattijuwa ce, mai tabarau da ɗan ƙaramin gicciye a wuya. Na shekara da shekaru ina ganin ta, amma ko sunanta ban sani ba. Na faɗa mata da Turanci, da ƙarfi yadda duk zauren zai ji, cewa ba su da imani, kuma don sun ga sunan ɗan zango ne shi ya sa suka danne katina a ƙasa. Na ƙara da wasu maganganun da ba zan so a buga su a nan ba.

Ba ta rama ba. Ta cire tabarau, ta dube ni, ta ce da harshen Twi: "Ɗana, je ka zauna. Nemanta nake yi."

Bayan rabin awa ta fito ta wata ƙofar baya, gaban rigarta duk ƙura, da foldata a hannu. Nas ɗin da ke auna hawan jini ce ta gaya mini abin da ya faru. Ashe mu uku ne masu suna iri ɗaya a asibitin. Sunana da na mahaifina irin sunayen nan ne da in ka kira su a kasuwar Nima mutum biyar za su waiwayo. Jiya ɗaya daga cikin takwarorin nawa ya zo, aka ɗauki tawa a maimakon tasa, ta tafi wani sashe ba ta dawo ba. Matar nan sau uku tana barin kujerarta, ta hau bene ta sauko, har ta gano inda take. Ni kuwa na karɓi foldar na wuce, ko kallonta ban yi ba. Kunya ce ta hana ni, amma ita ina za ta san haka?

A trotro, a hanyar komawa gida, na duba ɗan katin da ake rubuta ranar dawowa. Mako shida. Taga ɗaya, mace ɗaya.

Mu ba baƙi ba ne

Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kai shi asibiti, in ya yi faɗa da ma'aikaci, ya sha maganinsa ya warke, shi ke nan, ƙila ba za su ƙara haɗuwa ba har abada. Mu masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum, sikila ne ko ciwon suga ko hawan jini ko ƙoda, namu daban ne. Ina shekara uku hannayena da ƙafafuna suka kumbura, aka gwada ni aka ce SS ne. Yau shekara talatin ke nan ina zirga-zirga. Akwai 'yan uwana na jini da ban ga fuskarsu sau da yawa kamar yadda na ga ta mai gadin ƙofar asibitin ba.

Kuma ba mu da kaɗan a ƙasar nan. Wajen kashi 2 cikin 100 na jariran da ake haifa a Ghana da wannan ciwo suke zuwa, kimanin 15,000 ke nan a shekara. Tun kafin likitocin Turai su ba shi suna, mutanen ƙasar sun san shi: masu Twi na ce masa ahotutuo, Ga na cewa chwechweechwe, mu kuma amosanin jini. Farfesa Felix Konotey-Ahulu ya bi sawun ciwon a cikin danginsa har zuwa 1670. A 1995 aka fara gwada jarirai tun daga haihuwa a Kumasi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda shi ma ɗansa ya yi fama da ciwon, shi kuwa farfesan ya rasu a 2022. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, tamu tsakanin 10 zuwa 20 ta mutu. In sanyi ya buge mu, ko ƙishirwa, ko zazzaɓi, sai ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Zafin da ke biyo baya ba na fatan maƙiyina ya ɗanɗana shi.

Tun da na fara shan hydroxyurea tashin ciwon ya ragu sosai, alhamdu lillahi. Sai dai maganin na son a riƙa gwada jini akai-akai, don haka ma zuwan nawa ƙaruwa ya yi.

Mma, Allah ya jiƙanta, ita ce ta fara ɗauka ta zuwa asibiti a zamanin da sai ka biya a duba ka, kafin dokar inshorar lafiya ta 2003 ta lokacin Shugaba Kufuor. Ba ta yi boko ba, Turancinta bai wuce kalma goma ba. Amma daga ƙofa take fara gaisuwa. Ta gai da mai gadi, ta gai da mai shara, ta tambayi nas ya jikin yaronta da ta ce mata yana tari wancan watan. Ina yaro abin yana ba ni haushi, ina ganin kamar ƙasƙantar da kai take yi. Na taɓa ce mata, "Mma, ai aikinsu ne, biyan su ake yi." Ta ce, "Haka ne. Kai ma wan da ka fara aiki za a biya ka, ka ga ko albashin zai hana ka jin zafin magana."

Abin da ake gani daga kan benci

Bayan abin da ya faru ranar Talatar nan, sai na fara kallon tagar da wani ido. Mai jira ba ya rasa lokaci. Na ga mutum ya zo katin inshorarsa ya mutu wata huɗu da suka wuce, an gaya masa, ya hau matar da faɗa kamar ita ta kashe shi. Na ga netwok ya ɗauke, layi ya tsaya cak, mutum sittin suna hararar mace ɗaya wadda ita ma allon kwamfutar take kallo. Na ga an aiko daga wajen karɓar magani an ce wani magani ya ƙare sai dai a saya a waje, kuma ita aka bar wa aikin faɗa wa mutane. Ba ita ta kafa dokar sabunta kati duk shekara ba, ba ita ke sayo magani ba, ba ita ta hana a ɗauki ƙarin ma'aikata ba. Waɗanda suka yanke waɗannan hukunce-hukuncen suna can ofisoshi masu sanyi, ba mai ganin su. Ita ce fuskar da aka ajiye a gabanmu.

Nas-nas ɗin ma haka. A 2022 kaɗai, ma'aikatan jinya 'yan Ghana sama da 1,200 ne suka shiga rajistar masu jinya ta Birtaniya. Mu da ke zuwa kullum ba ma bukatar a karanta mana alƙaluma. Nas ɗin da ta san jijiyar hannunka, wadda take sa allura sau ɗaya ta samu, wata rana sai ka zo a ce maka ta tafi Ingila. Wadda ta rage ita ke yin aikin mutum biyu.

Da mako shidan ya cika na zo da wuri, kafin zauren ya cika. Na tsaya a taga ta biyu zuciyata na bugawa kamar ɗalibin da aka kira ofishin hedimasta.

"Maakye, Anti."

Ta ɗago kai.

"Anti, ki yi haƙuri da abin da na yi rannan. Ciwo ne ya sa, amma duk da haka ban kyauta ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi dariya. "Kai ne na folda uku!" Ta ce ɗan ƙanwarta ma SS ne, ta san in ciwon ya kama mu ba mu ne ke magana ba. Amma ta ce abu ɗaya ya tsaya mata a rai, maganar da na yi ta zango. "Ni a Sabon Zango na girma, maƙwabtanmu duk Musulmi ne. Naman Sallah na ci har na gaji." Ban sami abin cewa ba. Ta ɗauko jan salatif ta manna a gefen foldata, ta ce daga yau in haddace lambata kamar yadda na haddace lambar wayata, in daina dogara da suna.

Daga nan muka saba. Ba wata doguwar hira ba ce, layi ba ya bari. Gaisuwa ce, da tambayar ɗan ƙanwar tata, da barka da Kirsimeti, ita kuma barka da Sallah. In azumi ya zo takan leƙo ta tagar ta ce, "Ina fata dai ba ka ɗauka ba?" Sai in ce likita ya hana, malaminmu ma ya ce in ciyar.

Daren hunturu

Shekara biyu bayan haka, cikin watan Janairu, hunturu ya kama ni. Ƙarfe biyun dare ƙanena ya cicciɓe ni ya sa a tasi. A cikin gaggawar muka bar katin a gida, ni kuma ban cikin hayyacin da zan faɗi lamba. Ƙanena ya ba da suna, ma'aikacin dare ya fiddo folda, aka kwantar da ni, aka sa ƙarin ruwa da allurar kashe zafi. Gwaji ya nuna jinina ya yi ƙasa sosai, likita ya ce da safe za a ƙara mini jini.

To akwai abin da ke rubuce a shafin farko na foldata ta gaskiya. Shekarun baya an taɓa yi mini ƙarin jini, bayan kamar mako guda fitsarina ya koma kalar shayi, idanuna suka yi ɗorawa, ciwon ya dawo fiye da da. Jikin wanda aka sha yi wa ƙarin jini yakan ƙera makaman yaƙi da jinin baƙo. Matsalar ita ce makaman kan lafa bayan wani lokaci har gwajin da aka saba yi ya kasa ganin su, amma da an sake sa irin wancan jinin sai su farka. Shi ya sa tarihin da ke cikin folda yake da nauyi. Foldar da ke gefen gadona kuwa ta takwarana ce, ba komai a shafinta na farko.

Ƙarfe bakwai aka aiki ƙanena taga ta biyu da foldar don a cike takardun inshora. Anti ba ta daɗe da zama ba. Ta ga sunan, ta tambaye shi wane ne ba lafiya, ya kwatanta ni. Ta juya foldar, babu jan salatif. Ƙanena ya ce ko magana ba ta yi ba, ta bar jakarta a kan tebur ta shige ciki, ta fito da tawa, ta ce masa, "Biyo ni." Da kanta ta kai ta hannun nas mai kula da ɗakin. Likita ya karanta, ya dakatar da ƙarin jinin, ya kira ɗakin ajiyar jini. Sai da aka yi ƙarin gwaje-gwaje aka samo wanda ya dace, washegari aka sa mini.

Ba na so a ɗauki wannan labarin a matsayin ciniki, wai ka gai da ma'aikaci don ya cece ka wata rana. Na tabbata da kowa ne za ta yi masa haka, in dai ta gane. Abin da gaisuwar ta yi shi ne ta sa ta gane ɗin. A cikin ɗaruruwan katunan da ke wucewa ta hannunta, ta san akwai wani ɗan Nima mai folda uku da jan salatif.

Inda haƙuri ba shi ne magani ba

Yanzu wani zai ce, malam, ka yi sa'a ne, ba ka haɗu da marasa mutunci ba. Wallahi na haɗu da su. Akwai nas ɗin da ta taɓa ce mini, ina murƙususu a kan gado, wai ban yi kama da mai jin zafi ba, allura kawai nake so. Wannan zargi duk mai sikila a duniya ya san shi, amma mu samarin zango ya fi yi mana nauyi, musamman tun wajen 2018 da maganar shan tiramol ta cika gidajen rediyo. Ka shigo da jallabiya da adireshin Nima ko Ashaiman kana neman maganin zafi, wasu sun riga sun yanke maka hukunci. Kuma na sha ganin an yi wa tsofaffinmu tsawa don kawai ba su jin Turanci. Abin da na faɗa wa Anti rannan ƙarya ne a kanta, amma ba daga iska na ɗauko shi ba.

A irin wannan ba na yin shiru, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Hukumar lafiya ta Ghana tana da takardar haƙƙin majiyyaci, za ka gan ta manne a bangon asibitoci da yawa. Ta ba ka damar sanin wanda ke kula da kai, da a yi maka bayanin ciwonka, da a rufa maka asiri. Ta kuma ɗora maka nauyin girmama ma'aikata da sauran majiyyata. Abin da na yi da waccan nas ɗin shi ne na jira sai da zafin ya sauka, na nemi shugabar ɗakin, na faɗa mata rana da lokaci da abin da aka ce mini, ba zagi ba ɗaga murya. Ta rubuta. Da na yi ihu a daren, da labarin ya zama na wani ɗan zango mai neman allura da ya tada hankalin ɗaki, kuma da su za a gaskata.

Shi ya sa in ciwon ya tashi ba na zuwa ni kaɗai. Na san halina, na san zafi yana kwance mini linzamin baki. Ƙanena ne bakina a irin wannan rana.

Amma fa mutum ɗaya, ko biyu. Wannan maganar tamu ce, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Zumuncinmu abin alfahari ne, sai dai in an kwantar da mutum guda sai mu cika mota mu taho mu goma sha biyar, da kwanukan tuwo, ba a lokacin ziyara ba, mu tsaya muna cacar baki da mai gadi. Mu gama mu koma gida, mu bar majiyyacin a hannun mutanen da muka ɓata wa rai.

Sai maganar "ɗan wani abu". Mma takan kai ƙosai, ta ajiye a tebur kowa ya ɗauka. Ni ma da Babbar Sallah nakan kai soyayyen nama ɗakin folda, a fili, na kowa da kowa, kuma ba a ranar da nake da layi ba. Abin da na ƙi shi ne naɗe sidi ashirin a cikin kati don a tsallake da ni. Wanda ake tsallakewa ɗin wata tsohuwa ce da ta taso daga Fadama tun asuba da kuɗin motarta kawai.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma suna rage rigima ƙwarai. Lambar foldata tana cikin wayata da ta ƙanena da ta matata. Tun 2018 ana sabunta katin inshora ta waya da *929#, don haka nakan duba nawa mako guda kafin ranar zuwa, ba a gaban taga ba. Sunayen magungunana suna rubuce a 'yar takarda a aljihu. Nakan riƙe gorar ruwa da abin da zan sa a baki, don rabin faɗan da nake gani a zauren nan yunwa ce ke haddasa shi. In kuma ba zan samu zuwa ba, nakan aika a faɗa.

Bara Anti ta yi ritaya. Ranar da ta gaya mini na rasa abin da zan ce, sai na ce Allah ya ba ɗan ƙanwarta lafiya, ta ce amin irin tamu. Yanzu foldar takarda ma ta fara zama tarihi, kusan komai a kwamfuta yake. Wani matashi mai bautar ƙasa aka ajiye a taga ta biyu. Zuwana na ƙarshe na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba, ya buga sunana. Sai na ga ya tsaya yana ƙifta ido.

"Alhaji," in ji shi, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, "mutum uku ne suka fito."

Na karanta masa lambar a hankali, ya samu, ya sauke ajiyar zuciya. Layin bayana ya kai bakin ƙofa, wani can baya ya fara ƙunƙuni. Wata tsohuwa ce ke bi mini, da katinta ƙulle a bakin mayafi. Yaron ya tambaye ta ranar haihuwarta da Turanci, ya sake da Twi, ta juyo tana kallona.

Na ce, "Hajiya, kawo katin in gani." Na ce masa ya ci gaba da tambaya, ni zan fassara.